Yadda Ake Buɗe Shafukan Intanet Da Aka Adana A Kwamfuta Ba Tare Da Sabis Ba

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makarantu da jami'an lafiya da malaman gona da ke aiki a yankunan karkara suna ɗauka cewa manhajar nan da ake shiga intanet da ita, wato burauza, ba ta da sauran amfani da zarar sabis ya ɗauke ko data ta ƙare. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana jawo asarar lokaci da kuɗin mota, domin sau da yawa akan tashi ma'aikaci takanas zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ko babban birnin jiha don ya sake duba wani bayani, wanda da an adana shi tun ranar da aka fara ganin sa, da yana nan cikin kwamfutar ofis ana buɗe shi duk lokacin da aka bukata.

An shirya wannan bayani ne domin sakatarorin ofisoshi, da shugabannin makarantu, da ma'aikatan ɗakunan shan magani, da magatakardan hakimai da dagatai, da duk wanda ke amfani da kwamfuta a wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Misalan da za a kawo sun shafi kwamfuta mai Windows, kasancewar ita ta fi yawa a ofisoshi, da kuma nau'o'in burauza uku da aka fi sani, wato Google Chrome da Microsoft Edge da Mozilla Firefox. An bar sunayen umarnin da ke fitowa a fuskar kwamfuta da Turanci, yadda mai karatu zai tarar da su.

Shafin intanet fayil ne

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, shafin intanet fayil ne kamar sauran fayilolin da ke cikin kwamfuta. Ana rubuta shi da wani tsari mai suna HTML, wanda Tim Berners-Lee, wani masani ɗan ƙasar Ingila, ya ƙirƙiro lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa. Ya gabatar da shawararsa a 1989, ya kuma rubuta burauza ta farko a 1990. A cikin fayil ɗin akwai ainihin rubutun, sannan akwai wasu alamomi da ke shaida wa burauza cewa nan kanun bayani ne, nan sabon sakin layi ne, nan kuma a ɗauko hoto kaza a sa. Aikin burauza shi ne ta karanta waɗannan alamomi ta shirya shafin yadda ido zai iya bi.

Idan mutum ya rubuta adireshi mai farawa da http ko https, burauza takan aika saƙo zuwa wata babbar kwamfuta da ke nesa, wadda ake kira sabar, ta nemi a turo mata fayil ɗin. Wannan aiken shi ne ke cin data, shi ne kuma ke tsayawa idan babu sabis. Amma idan fayil ɗin yana cikin ma'adanar kwamfutar, ko a kan filash, ko a faifan CD, babu wanda za a aika wa saƙo. Burauza za ta ɗauko shi daga inda yake ta nuna shi nan take.

Ana gane shafin da aka buɗe daga cikin kwamfuta ta hanyar duba gurbin adireshi da ke sama. A Firefox za a ga wani abu kamar file:///C:/Sanarwa/taki.html, wanda ma'anarsa ita ce akwai fayil mai suna taki.html a cikin folda mai suna Sanarwa a ma'adanar C. Sandunan nan masu karkata guda uku ne, ba biyu ba kamar yadda aka saba gani, kuma akwai dalili: bayan sanduna biyu na farko ne ake rubuta sunan sabar, to da yake a nan babu sabar sai aka bar wurin fayau, sanda ta uku ta biyo baya. Chrome da Edge sukan ɓoye farkon adireshin, su nuna kalmar File kawai sannan C:/Sanarwa/taki.html. Wanda ya ga %20 a tsakiyar adireshi kada hankalinsa ya tashi, alama ce ta tazarar da aka bari tsakanin kalmomi biyu a sunan fayil.

Hanyoyin buɗewa

Hanya mafi sauƙi ita ce a je inda fayil ɗin yake, a latsa shi sau biyu a jere da linzamin kwamfuta. Fayilolin shafuka sukan ƙare da .html ko .htm, kuma galibi suna ɗauke da tambarin burauzar da kwamfutar ta saba amfani da ita. Idan maimakon shafi sai aka ga Notepad ko Word ya buɗe da tarin alamomi marasa kan gado, fayil ɗin bai lalace ba, an dai haɗa shi da manhajar da ba tasa ba ne. Sai a rufe, a latsa shi da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Open with, a nuna burauzar da ake so.

Idan kuma burauza tana buɗe, ana iya danne maɓallin Ctrl a taɓa harafin O, sai taga ta fito a nemo fayil ɗin a ciki. Haka nan ana iya kama fayil ɗin da linzami a jawo shi a sake shi a kan burauza. Wanda ya rubuta file:///C:/ a gurbin adireshi zai ga jerin foldojin da ke ma'adanar, yana shiga daga wannan zuwa waccan har ya isa inda yake nema.

Shafin da ake yawan komawa gare shi ana iya yi masa alama da Ctrl da D, kamar yadda ake yi wa shafukan intanet. Sai dai a lura, alamar tana riƙe da adireshin ne kawai. Idan shafin yana kan filash wanda yau kwamfuta ta ba shi harafin E, gobe kuma aka riga shi da wani filash ɗin ta ba shi F, alamar za ta ce ba ta ga fayil ba alhali yana nan. Don haka ya fi kyau a kwafe shafukan aiki zuwa folda guda a cikin kwamfutar, a bar filash a matsayin abin dako.

A wasu lokuta akan raba wa mahalarta taron bita filash ko faifai mai ɗauke da shafuka masu yawa da ke haɗe da juna. A irin wannan hali a nemi fayil mai suna index.html, domin bisa al'ada shi ne zauren da ake bi a shiga sauran. Idan kuma an dunƙule kayan a fayil mai ƙarewa da .zip, wajibi ne a fara kwance shi da umarnin Extract All. Windows takan bar mutum ya leƙa cikin ƙunshin kamar folda ce, amma idan ya latsa shafi daga nan, shafin kaɗai take zarowa, ta bar hotunansa da sauran shafukan a ɗaure.

Adana shafi: inda aka fi samun matsala

Akasarin koke-koken da ake yi cewa shafi ya buɗe babu hotuna, ko rubutunsa ya watse, asalinsu daga wurin adanawa ne. Ana adana shafi ne lokacin da ake da sabis, ta hanyar danne Ctrl a taɓa S. Kafin a yi haka yana da kyau a gangara har ƙarshen shafin a jira ya gama fitowa, domin shafuka da yawa na zamanin nan ba sa ɗauko hotunan ƙasa sai mai karatu ya iso wurinsu, kuma abin da bai sauko ba ba lallai ne ya shiga cikin abin da aka adana ba. A ƙasan tagar da za ta fito akwai gurbin Save as type, wanda mutane da dama ba sa ko kallon sa, alhali shi ne ginshiƙin aikin.

Zaɓin HTML Only yana adana rubutu da alamominsa kawai. Idan an buɗe shi ana da sabis zai iya fitowa da kyau har a ɗauka an gama aiki, saboda yana jawo wasu kayansa daga intanet a ɓoye. Sai an isa ƙauye ne asirinsa ke tonuwa. Zaɓin Complete kuwa yana adana abu biyu: fayil ɗin shafin, da kuma wata folda mai suna iri ɗaya da shi wadda aka ƙara wa _files a ƙarshe. Idan shafin taki.html ne, foldar za ta zama taki_files, kuma a cikinta hotuna suke da fayilolin da ke tsara launi da girman rubutu da shimfiɗar jadawali. Waɗannan biyu tamkar ƙwarya ce da faifanta, tare suke tafiya. Windows ta san da wannan alaƙa, shi ya sa idan aka kwafe ko aka goge ɗaya ta cikin File Explorer takan haɗa da ɗayan, abin da ya sa wasu suka yi asarar shafi sukutum don sun goge foldar suna zaton tarkace ce. Amma imel da WhatsApp ba su san da alaƙar ba. Wanda ya aika fayil ɗin shafin shi kaɗai, abokin aikinsa zai karɓi rubutu tsirara, jadawalin ya tarwatse, farashi ya rabu da sunan kaya. Canza wa foldar suna ma yakan haifar da irin wannan, domin shafin yana neman ta ne da tsohon sunanta.

Zaɓi na uku, wanda Chrome da Edge suke da shi, shi ne Single File. Yana ƙunshe rubutu da hotuna a fayil guda mai ƙarewa da .mhtml, don haka babu foldar da za a manta. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1999 Internet Explorer 5 take adana shafuka ta wannan hanya da ƙarshen .mht. Illarsa ita ce Firefox ba ta buɗe shi, sannan wasu maɓallan da ke buɗe ƙarin bayani a cikin shafi sukan daina motsi. Irin wannan fayil ne Chrome ta wayar Android take samarwa idan aka sauke shafi da ita, wanda ke nufin ma'aikaci zai iya sauke shafi a wayarsa ranar kasuwa ko ranar da ya shiga gari, ya dawo ya tura shi cikin kwamfutar ofis ta kebul.

Ga sanarwar da za a liƙa a allo, ko a karanta wa masu unguwanni, ko a tura wa mutane da yawa, shawarar da ta fi dacewa ita ce a mayar da shafin PDF. Ana danne Ctrl a taɓa P, a wurin zaɓen na'urar buga takarda a zaɓi Save as PDF. Fayil guda ne, kowace burauza ta yanzu tana buɗe shi, waya ma haka, kuma ba ya canza kama daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ko wace hanya aka bi, a gwada kafin a bar inda sabis yake: a kashe intanet ɗin kwamfutar, a buɗe abin da aka adana, a tabbatar lambobi da jadawali sun fito.

Haruffa masu lanƙwasa

Akwai wata matsala da ta shafi masu karanta Hausa musamman. Wani lokaci akan buɗe shafi a tarar kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, haka ɗ da ɓ sun rikiɗe zuwa wasu baƙin alamomi. Dalili shi ne kwamfuta tana ajiye haruffa ne a matsayin lambobi, kuma sai an gaya wa burauza tsarin da aka bi, wanda a yau galibi UTF-8 ne. A intanet sabar takan aiko da wannan bayani tare da shafin. Idan an buɗe fayil daga cikin kwamfuta babu sabar da za ta yi magana, kuma idan ba a rubuta bayanin a cikin fayil ɗin kansa ba sai burauza ta yi hasashe, wani lokaci ta dace wani lokaci ta kuskure. Firefox tana da umarnin Repair Text Encoding a ƙarƙashin View domin gyara wannan. Wanda ya ɗan iya kuma zai iya buɗe fayil ɗin da Notepad ya ƙara layin <meta charset="utf-8"> nan da nan bayan alamar <head>, ya adana.

Daban yake da tsofaffin rubuce-rubucen da ake ganin }asa da ]aya da ~angare a cikinsu. Waɗannan an buga su ne da wasu salon haruffan Hausa na musamman da aka yi amfani da su kafin tsarin Unicode ya yaɗu, inda aka ari gurbin wasu alamomi aka zana haruffa masu lanƙwasa a kai. Ba za su fito daidai ba sai an sa wa kwamfutar wancan salon haruffa, ko kuma a bi su a musanya alamomin da haruffan yanzu. Bai kamata a raina wannan gyara ba a takardar hukuma, tun da kafa daban take da ƙafa, bata kuma daban da ɓata.

Abin da shafin da aka adana ba zai yi ba

Duk abin da ke buƙatar amsa daga sabar ba zai yi aiki ba sai da sabis. Gurbin bincike, da shiga da kalmar sirri, da cike fom na rajista, da biyan kuɗi, da taswira, da bidiyon da ake kallo kai tsaye, duk suna cikin wannan rukuni. Mahaɗan da ke kai mutum wasu shafukan ma ba za su buɗe ba, domin shafi ɗaya aka adana, ba gidan gaba ɗaya ba. Wanda ya cike fom a shafin da aka adana ya latsa maɓallin aikawa babu sabis, ya sani cewa babu inda sunansa ya shiga. Har ila yau, domin kare sirrin mai kwamfuta, burauza ta zamani tana hana shafin da aka buɗe daga ciki ya riƙa leƙa sauran fayiloli yadda ya ga dama. Firefox ta tsaurara wannan doka a 2019. Wannan ne ya sa wasu kayan horaswa da suke aiki a da suka daina nuna wasu sassansu.

Tsohon kwafi da shafin yaudara

Babban haɗarin da ke cikin wannan aiki ga jami'in da ke isar da saƙo ga jama'a shi ne, shafin da aka adana ba ya tsufa a ido. Yadda yake ranar da aka adana shi haka zai fito bayan shekara biyu, da tambarinsa da launinsa, ko da an canza ranar taro ko farashi ko sharuɗɗa a ainihin shafin. Danna F5 ba ya sabunta komai, sake karanta fayil ɗin da ke nan kawai yake yi. Idan aka ɗauki sanarwar rabon taki ta bara aka ba mai shela ya zaga da ita, manoma za su bar gonakinsu a tsakiyar damina su yi sammako zuwa inda babu kowa, kuma gobe idan sanarwar gaskiya ta zo ba kowa zai fito ba. Haka abin yake ga jadawalin rigakafi da ranar rufe rajistar jarrabawa.

Maganin wannan yana da arha. A riƙa sa ranar da aka adana shafi a farkon sunansa, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2024-06-15-taki, domin ta haka kwamfuta za ta jera su daga tsoho zuwa sabo da kanta. Lokacin yin PDF a kunna zaɓin Headers and footers, wanda ke buga kwanan wata da adireshin asali a gefen kowace takarda. Idan kuma an gaji wani shafi ba a san asalinsa ba, a danne Ctrl a taɓa U. A shafukan da aka adana cikakku da Chrome ko Edge ko Internet Explorer akan tarar da layi a can sama mai cewa saved from url, tare da adireshin da aka ɗauko shi, wanda za a iya komawa a duba ranar da aka samu sabis.

Haɗari na biyu na 'yan damfara ne. Sukan aiko da fayil mai ƙarewa da .html ta imel ko WhatsApp da sunan takardar albashi ko tallafi, wanda idan aka buɗe shi zai fito da kamannin shafin banki ko na imel yana neman kalmar sirri. Shafin da ke cikin kwamfuta yana iya aika abin da aka rubuta masa waje muddin akwai sabis. Saboda haka duk shafin da gurbin adireshinsa ya nuna File ko file:/// amma yake neman kalmar sirri, ko lambar BVN, ko lambar sirrin katin banki, a rufe shi. Bugu da ƙari, Windows takan ɓoye ƙarshen sunayen fayiloli, ta yadda sanarwa.html.exe, wanda manhaja ce da ke iya ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta, zai bayyana da sunan sanarwa.html. A shiga View a File Explorer a kunna File name extensions domin a riƙa ganin cikakken suna, musamman a kwamfutar da filash daban-daban ke shiga.

Tsofaffin faifai da manyan rumbuna

Ofisoshi da makarantu da dama suna da faya-fayan CD na horaswa da aka raba shekarun baya. Rubutun da ke cikinsu yana buɗewa har yanzu, amma sassan da ke motsi waɗanda aka yi da Adobe Flash ba sa fitowa, domin kamfanin ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba 2020, kuma an cire shi daga Chrome da Edge da Firefox. Internet Explorer ma Microsoft ta yi mata ritaya a ranar 15 ga Yuni 2022, sai dai ta bar wani sashe a cikin Edge mai suna Internet Explorer mode, wanda ake kunnawa daga Settings domin shafukan da aka gina don tsohuwar burauzar.

Wannan dabara ta ajiye shafuka a kusa an faɗaɗa ta ta zama ɗakin karatu sukutum. Shirin WiderNet da aka kafa a Jami'ar Iowa ta Amurka, wanda ya samo tushe daga aikin da Cliff Missen ya yi a Jami'ar Jos, ya fito da eGranary a 2001, wato rumbun lantarki: ma'adana guda mai ɗauke da ɗimbin shafuka da littattafai, wadda ake jona wa kwamfutocin makaranta ko asibiti su riƙa karantawa da burauza ba tare da intanet ba. Akwai kuma manhajar Kiwix, wadda aka fara a 2007 kuma kyauta ce, da ke buɗe fayilolin da ake kira ZIM. A fayil guda irin wannan ana samun kundin Wikipedia na harshe ɗaya gaba ɗayansa, har da na Hausa, tare da gurbin bincike mai aiki babu sabis. Ana sauke fayil ɗin sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, a ɗora a filash, a kwafa wa kwamfutocin makarantun da ke gunduma, kuma sunan kowane fayil yana ɗauke da shekara da watan da aka haɗa shi.